Babban Gwani, Maginin Zazzau

Mutumin da muka ɗauko tarihinsa a wannan mako magini ne. Ya yi zamaninsa a ƙasar Zazzau cikin ƙarni na 19, kayan aikinsa kuwa ƙasa da ruwa da itacen giginya. Sunan da aka fi saninsa da shi shi ne Babban Gwani. Mutanen Bauchi suna kiransa Muhammadu Durugu, masu binciken gine-ginen Zariya kuma sun fi rubuta shi Malam Mika'ilu. Shi ne ya gina Masallacin Jumma'a na birnin Zariya, wanda masana gini na gida da na waje suka sa a kan gaba cikin dukan gine-ginen ƙasa da aka yi a ƙasar Hausa.

Dalilin da ya sa muka zaɓe shi shi ne, a yankinmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, har da garuruwa irin su Achilafiya, yaro yakan tashi yana tsammani ilmin gini ya shigo ƙasar nan ne tare da buhun siminti da bandir ɗin kwano. In aka ce injiniya, sai ya tuna da mai hular kwano a bakin titi ko a madatsar ruwa. Ginin ƙasa kuwa an mai da shi alamar rashi, wanda duk ya sami hali sai ya rushe na ubansa ya kafa bulo. Alhali kuwa matsalar da injiniyan yau yake fama da ita, wato yadda za a rufe fili mai faɗi a kan taron jama'a har rufin ya tsaya, ita ce Babban Gwani ya warware shekara wajen 190 da suka wuce, ba rodi ba kankare.

Ya tashi a lokacin da ƙasar Hausa take cikin juyi. Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804, kafin shekara goma ta cika kuwa yawancin manyan birane sun sami sababbin sarakuna. Malam Musa ya karɓi Zazzau, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. An kafa Sakkwato a 1809, Yakubu kuma ya kafa garin Bauchi a wajen wannan lokaci. Mu ma nan wajenmu, Ɗan Tunku ya kafa sarautarsa a arewacin Kano, ɗansa Dambo wanda ya gaje shi a 1824 shi ya zaunar da ita a Kazaure. Kowane sabon sarki yana bukatar ganuwa da ƙofofi, da soron fadanci, da wurin shari'a, da masallacin da zai ɗauki mutanen gari ranar Jumma'a. Kasuwar magina ta buɗe ke nan. A irin wannan zamani gwani ba ya zama a garinsu, gama da an ji labarin hannunsa sai wani sarki ya aiko wa sarkinsa a ara masa shi.

Labari na farko a rubuce da ake dangantawa da shi ya fito ne daga wani Bature matafiyi, Kyaftin Hugh Clapperton, mutumin Sikotilan, wanda ya ratso Hamada, ya bi ta Barno da Kano, ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A can ya ga wani masallaci da Waziri Giɗaɗo yake ginawa da dukiyarsa, ya kuma sadu da shugaban maginan. Ya rubuta cewa mutumin Zazzau ne, ɗan ƙaramin jiki, mai alamar wayo a fuska. Maginin ya shaida masa cewa ubansa ya taɓa zuwa Masar ya koyo wani abu na ginin can, da ya mutu kuma ya bar masa takardunsa, daga cikinsu yake ɗibar ilmin aikinsa. Sa'an nan ya nuna kwaɗayin wani ma'auni mai layukan lissafi, irin wanda matuƙan jirgin ruwa suke aiki da shi a wancan zamani. Clapperton bai rubuta sunan mutumin ba, amma akwai masana da suke ganin Babban Gwani ne tun yana kan tasowa, gama gari ya zo ɗaya, sana'a ta zo ɗaya, zamani kuma ya dace. Har wa yau labarin baka na gidansu yana haɗa sarautarsu da Sakkwato.

Ku lura da abin da wannan mutum ya nema. Baƙo ya zo daga ƙasar Turai da kaya iri iri, shi kuwa ma'auni ya ga ya yi sha'awa. Wannan ya nuna mana irin maginin da ake magana, mai gwaji kafin ya ɗora hannu, mai ajiye takarda, mai kunne ga abin da ake yi a wasu ƙasashe. Duk da haka abin da aka gina a Zariya bai yi kama da gine-ginen dutse na Alƙahira ba. Ƙasar Zazzau aka kwaɓa, giginyar ƙasar Hausa aka faskara, dabarar kuma ta dace da su.

Kafin mu shiga masallacin, ya kamata mu tsaya a kan yadda ake ginin, domin in ba a gane wuyar aikin ba, ba za a gane gwanintar mai shi ba. Tsofaffinmu sun san wannan duka, matasa ne muke wa bayani.

Ana haƙo jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, wadda magina suke kira birji, a jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a zuba mata ciyawa, a bar ta ta yi kwanaki tana tsima, a sāke tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a jera a rana ya bushe sarai. Wajen gini ana kafa tubalin ne kansa yana duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sahu bisa sahu. Bangon yakan fara da kauri ƙwarai a ƙasa, yana tashi yana sirancewa, don haka nauyinsa yana zaune a gindinsa. Magini ba ya bukatar wani dandamali. A kan bangon yake zama kamar mahayin doki, yara suna jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana ja da baya.

Bango dai kowane magini yana iya tayar da shi. Wuyar aikin tana sama. Itacen rufi na ƙasar Hausa shi ne azara, wadda ake faskarowa daga kututturen giginya. Tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cin ta da sauƙi, shi ya sa takan yi shekaru aru-aru a cikin gini. Amma tana da iyaka. In aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasar rufi, ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kimanin ƙafa 6, wato ƙasa da mita 2, sai ta fara lanƙwasa. Saboda haka mai son soro yana da zaɓi biyu, ko ya yi ɗaki ƙunci, ko ya cika tsakar ɗakin da ginshiƙai har mutum ba ya ganin na gabansa. Magina sun sami 'yan dabarun ƙara faɗi, kamar fito da azara daga saman bango ta zama kafaɗa, ko gitta ta a kusurwoyi huɗu a rage bakin da za a rufe. Waɗannan sun isa ɗakin kwana da ƙaramin zaure. Ba su isa wurin da ɗaruruwan mutane za su tsaya sahu sahu ba.

Maganin wannan shi ne bakan gizo. Magini yakan kafa damin azara a cikin bango ko ginshiƙi, ta fito a karkace tana duban sama, ya ɗaure ta tam da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bar ta ta bushe. Wannan mataki shi ake kira kafi. In ya bushe sai ya ɗora wani kafi a kansa, gindin sabon yana haɗe da kan tsohon, ya ƙara miƙewa gaba, ya ƙara kwantawa. Haka ake yi daga wancan bangon ma. Kafi bisa kafi, hannuwan nan biyu suna matsowa har su gamu a tsakiya, a ɗaure su wuri ɗaya, a shafe su da ƙasa su fito da siffar baka. Kowane kafi bai wuce tsawon da azara take iya ɗauka ba, amma da aka haɗa su sai ga ɗaki mai faɗin da ya kai wajen mita 8 ba ginshiƙi a tsakiya.

A nan akwai abin lura. Bakan dutse irin na Rumawa da na Turawa sai an kafa masa katako a ƙarƙashi ya tallafe shi har a sa dutsen ƙarshe, sa'an nan a cire katakon, duwatsun su riƙa tokare juna. Bakan gizo kuwa ba a tallafarsa da komai daga ƙasa. Kowane ɓangare yana riƙe da kansa tun ana cikin aiki, kamar mutum ya miƙa hannu, nauyin bangon da yake bayansa shi yake hana shi faɗuwa. Azara tana ɗaukar ja, ƙasa tana ɗaukar danni tana kuma hana azarar motsi. Wanda ya taɓa ganin ana zuba kankare a kan rodi ya ga irin wannan tunani, gama kankare ma danni yake iya ɗauka, rodi ne yake ɗaukar masa ja. Wani mai lambu a Faransa, Joseph Monier, sai a 1867 ya yi rajistar dabarar sa ragar ƙarfe a cikin siminti, da tukwanen shuka ma ya fara. A lokacin masallacin Zariya ya riga ya sha damina fiye da ashirin.

In aka gitta bakuna suka haɗu a tsakiyar ɗaki, ana kiran wannan ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda ake ɗaure bakin gugar rijiya. A tsakanin bakunan sai a jera gajerun azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa, rufin ya fito da ɗan tudu wanda ake kira tulluwa. Tudun nan ba don ado kaɗai ba, shi yake kore ruwan sama zuwa indararo, indararo kuma ya watsa shi nesa da gindin bango. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yadda sana'o'in gari suke ciyar da juna, abin da marini da majemi suka zubar shi ne simintin magini.

Ba Babban Gwani kaɗai yake ɗaura baka a zamaninsa ba. Abin da ya bambanta shi shi ne inda ya kai dabarar.

Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na uku a sarakunan Fulani, wanda ya fito daga gidan Katsinawa, ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Shi ya sa aka gina sabon Masallacin Jumma'a kusa da fada, aka kuma danƙa aikin a hannun Babban Gwani. Abin da ya tsara ya fi ɗaki guda. Akwai babban ɗakin salla, akwai ɗakin shari'a a haɗe da shi, akwai zauruka na shiga da wuraren alwala, katanga kuma ta kewaye su duka da filin da yake tsakani. Babban ɗakin ya rufe shi da tulluwa 6, waɗanda suke zaune a kan bakuna, bakunan kuma a kan manyan ginshiƙai da jikin bango. Wuyar irin wannan tsari ita ce, baka ɗaya ba ya tsayawa don kansa kaɗai. Kowanne yana jingine da maƙwabcinsa, nauyin wannan tulluwa yana sauka a ginshiƙin da yake ɗauke da waccan, in lissafi ya kuskure a wuri ɗaya sai ya ja sauran. Dole mai aikin ya riƙe ginin duka a kansa tun kafin a mulmula tubalin farko, ya san kaurin kowane ginshiƙi, da inda kowane kafi zai ƙare, da wanda za a fara ɗaurawa da wanda zai jira. Ga shi kuma aikin na rani ne, kowane mataki sai ya bushe kafin a hau kansa, gaggawa kuwa ita ce babbar abokiyar gābar ginin ƙasa.

Waɗanda suka auna ginin suka ɗauki hotonsa tun yana yadda mai shi ya bar shi sun nuna cewa daga waje ba shi da wani ƙyale-ƙyale, bango ne mai kauri da tulluwoyi masu ɗan tudu. Sai an shiga ciki ake ganin aikin. Bakuna suna tasowa daga jikin ginshiƙai suna buɗewa sama kamar rassan itace, suna gittawa, azarar da take tsakaninsu kuma an jera ta da tsari har ita kanta ta zama ado. A jikin ginshiƙan an yi zane mai zurfi tun ƙasa tana ɗanya, layuka a tsaye, da masu kusurwa uku, da masu zagaye. Zanen natsattse ne, ya bi ƙirar ginin, bai yi yawa irin na fuskar gidajen attajirai da aka yi yayi daga baya ba. A ganinmu wannan kamewa tana cikin manyan alamun gwanintarsa, gama wanda ya iya abu ƙwarai shi ya san inda zai tsaya.

Magina suna ba da labari cewa da dare yake aiki, don kada a ga yadda yake ɗaura bakunansa, wasu ma sukan ƙara da cewa aljannu suke taya shi. Irin wannan magana takan bi duk wanda aikinsa ya fi ƙarfin fahimtar mutanen zamaninsa, kowace sana'ar gado kuma tana da asirin da take ɓoyewa. Mu dai mun san masu taya shi mutane ne. Gini irin wannan yana cin tubali dubbai bisa dubbai, da ruwan da za a ɗebo a kai, da azarar da za a sāro daga nesa a ɗauko a kafaɗa. A wancan zamani manyan ayyukan sarakuna bayi ne suke ɗaukar nauyinsu tare da talakawan da aka kira aikin gayya, bayin Zazzau kuwa da yawansu daga kudancin ƙasar aka kamo su. Tarihi ya riƙe sunan sarki, ya riƙe na gwani, na masu tattaka ƙasa kuwa ya bar su. In ana yabon ginin, daidai ne a tuna da ƙafafun da suka kwaɓa shi.

Daga Zariya sunansa ya bazu. A fadar Sarkin Bauchi an yi wani soro da aka sa wa suna Babban Gwani, don tunawa da wanda ya gina shi. A Kafin Madaki kuma, arewa da garin Bauchi cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa ta yanzu, akwai Gidan Madaki, wanda aka gina a 1860 zamanin Sarkin Bauchi Ibrahim, shi ma aikin Muhammadu Durugu ake ce da shi. A 1956 gwamnati ta sa wannan gida cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, yana cikin na farko farko da aka yi wa haka a Nijeriya. In mutumin da Clapperton ya gani a 1824 shi ne ya yi wannan aiki, to, ya yi shi ne da furfura, bayan shekara 36. Sai dai a tuna Babban Gwani ya zama sunan sarauta wadda 'ya'ya da jikoki suka gāda, shi ya sa in an ce gini na Babban Gwani ne, wani lokaci hannun uban ake nufi, wani lokaci na gidansa.

Labarin ƙarshensa ba mai daɗi ba ne. Abin da aka gāda a baka shi ne, Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya yi masa gini, da aka gama sarkin ya ga kyansa, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ba da irin wannan labari ba. Mutanen Rasha ma suna cewa Sarki Ivan ya makantar da maginan babbar majami'ar nan mai launi launi ta birnin Mosko saboda wannan dalili, ko da yake masana tarihinsu ba su yarda ba. Amma yadda labarin Birnin Gwari ya zauna a bakin magina ya nuna yadda suke ganin matsayinsu a gaban masu mulki. Ana girmama gwani, ana yi masa kyauta, duk da haka hannunsa kamar kayan sarki ne, mai iko yana ganin yana da damar hana wani amfani da shi. In nufin ke nan, bai biya ba, gama ilmin ya riga ya shiga hannun 'ya'yansa da yaran aikinsa. Zuriyarsa suka ci gaba da shugabancin magina a Zazzau, unguwarsu a cikin birnin Zariya kuma ta ɗauki sunansa.

Da Turawa suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, siminti da kwano suna da tsada, sai an hau da su jirgi daga bakin teku, saboda haka su ma magina Hausawa suka nema. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 da ƙasa aka gina ta. Haka kuma sa'ad da mishan ta C.M.S. ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma Wusasa a wajen 1929, Majami'ar St. Bartholomew da aka gina a can da tubali da azara aka yi ta, da bakuna irin na Hausa. Bukatar ɗaya ce da ta zamanin Abdulkarimu, wato wuri mai faɗi da sanyi inda jama'a za su taru su ga mai yi musu jagora su kuma ji muryarsa, amsar ma ɗaya aka bayar. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin kwano mara silin a watan Afrilu da tsakar rana, ko ya yi ƙoƙarin jin karatu ana ruwa a kan kwanon, ya san abin da aka rasa da aka bar wannan hanya.

Wanda ya fi kowa wahala wajen adana aikin Babban Gwani a takarda wani mai zanen gine-gine ne daga ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 ya yi ta zagaya Nijeriya da mataimakansa 'yan ƙasa suna auna gine-ginen gargajiya, suna zana su, suna ɗaukar hoto. Masallacin Zariya ya auna shi ciki da waje. Shi ne kuma ya kafa gidan adana gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka tayar da kwafin masallacin da ƙasa, tare da na wani sashe na ganuwar Kano. Ya mutu a 1982, littattafansa guda uku kuma suka fito a 1990. Aunin nan ya zo a kan kari, domin a cikin shekarun 1970, lokacin kuɗin man fetur, aka faɗaɗa masallacin Zariya da ginin zamani. Aka kawar da sassan waje na tsohon, babban ɗakin kuma aka bar shi a cikin sabon gini, kamar ƙwai a cikin kwano. An tsare shi daga ruwan sama, amma daga ranar ba wanda ya ƙara ganin siffarsa ta waje yadda maginin ya tsara ta.

A waɗannan shekaru ne sana'ar kanta ta fara ja da baya. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, 'ya'yan magina suka koma bulo. Ba ta mutu ɗungum ba. A ƙauyen Yaama na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙauyensu da ƙasa a 1962, daga baya ya sāke rufinsa da bakuna, har aikin ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Amma irinsa sun zama ɗaiɗai. Abin da ya rage a yawancin ƙauyukanmu ginin ƙasa ne na gaggawa, bango siriri daga gindi har sama, ƙasar ba ta tsima ba, ba makuba, indararo ya karye ba a sāke ba. Sa'ad da ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Jihar Jigawa a daminar 2020 da ta 2022, mutane da dama suka ɗora wa ƙasa laifi. Gaskiya ne ruwan da ya kwanta a gindin bango zai ci kowane ginin ƙasa, ko na wane gwani ne, shi ya sa magabata suke zaɓen tudu. Amma ginin ƙasa tun asali an yi shi ne da sharaɗi, wato kowace shekara kafin ruwa ya sauka a hau a duba rufi, a toshe tsaga, a sāke yaɓe, a gyara hanyar ruwa. Sarakunan dā suna da magina a ƙarƙashinsu saboda wannan aiki na shekara shekara. Mun riƙe ginin mun saki sharaɗin.

Ranar Jumma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na Masallacin Jumma'a na Zariya ya rufta a kan masu salla. Mutane aƙalla 7 suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin bango kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana kuma shirin kawo injiniyoyi su duba. Juyayin ya game gari duka, Musulmi da Kirista, gama waɗanda suka mutu maƙwabta ne da abokan kasuwa. Bayan haka aka kafa asusun sāke gina masallacin. A lokacin da ya rufta, ginin ya haura shekara 175 a tsaye.

Duk mai son sanin yadda Babban Gwani ya jera ginshiƙansa, da yadda ya gitta bakunansa, da kaurin da ya ba kowane bango, zai same su a zane a cikin littafin Dmochowski na farko, wanda ya keɓe wa gine-ginen Arewa, da ma'auninsu a gefe.